Yadda na gyara kulocin injin yankan katako mai jan sarƙa a silo

Alhamdu lillahi, injina Stihl MS 250 ya daina juya sarƙa yana silo, wato yana kunne ba a ba shi wuta ba. Matsalar nan ba ta wasa ba ce, domin ajiye shi ƙasa a haka kan iya raba mutum da ƙafarsa.

Na fara zargin kafireta. Na sassauta sukurun LA, mai saita silo, har injin ya kusa mutuwa, sarƙa ba ta tsaya ba. Ɗaure sarƙar ma bai yi amfani ba.

Ashe kuloci ne. Na saki birkin sarƙa, na cire murfi da takobi (ƙarfen da sarƙa ke zagayawa) da sarƙar, na zare kilif da wosha, na fitar da kwanon kuloci da borisinsa. Cikin sifirin guda 3 masu riƙe takalman kuloci, ɗaya ya karye, takalminsa na gogar kwanon ko da yaushe, har cikinsa ya yi shuɗi don zafi.

Don in kwance kulocin, na cire fulogi, na ɗaga fistin ya wuce ƙofar salansa, sannan na cusa igiya mai tsabta a ramin don ta tare shi. A lura da kyau: zaren kulocin na hagu ne, ta dama ake kwance shi, yadda hannun agogo ke tafiya. Da yawa nan suke lalata zaren.

Na canza sifirin ukun gaba ɗaya, don sabo da tsoho ba sa ja daidai. Na wanke borisin, na shafa masa giris kaɗan. Wajen mayar da kwanon na daidaita tsagarsa da wayar famfon mai, in ba haka ba sarƙa za ta bushe.

Na mayar da LA, sarƙa ta tsaya cik sai an ba ta wuta.