Kurakuran da aka fi yi da na'a-na'a, daga shuka har zuwa magani

Na'a-na'a ba irin ganyen da ake shukawa duk shekara ba ne, in ta kama ƙasa ta kama kenan, ko ta bushe a sama saiwarta na nan da rai za ta sake tohowa. A daji ma ai bakin rafi da wuri mai danshi take fitowa da kanta. Toh kuskuren farko daga nan yake, mutum ya kai ta inda rana ke dukanta tun safe har yamma, ƙasa a bushe ƙamas, sannan ya ce ta ƙi shi. Ranar safe take so da ɗan inuwa in rana ta take, ƙasa kuma kullum da danshi amma kar ruwa ya kwanta.

Wasu kuma iri suke nema, alhali mai ƙamshin mentol ɗin nan sosai, wato sinadarin da ke sa sanyi a baki, haɗin jinsin na'a-na'a biyu ce, ba ta ba da irin kirki. Yanko reshe kamar santimita 10, cire ganyen ƙasan, saka a kofin ruwa, sati ɗaya zuwa biyu za ka ga farin saiwa. Kuma dan Allah a tukunya ko tsohon bokiti mai huji za a dasa, don in ka sake ta a fili saiwar nan bin ƙarƙashin ƙasa take yi ta mamaye komai har ta shaƙe sauran shukokin, cire ta kuwa aiki ne ja.

Wajen magani ne abin ya fi damuna gaskiya. Tun da can ana shan ta don kumburin ciki da tashin zuciya da mura, amfanin kuma a man da ke cikin ganyen yake, man nan kuwa tashi yake yi da zafi. Sai ka ga an shanya ta a rana tsaka, ko an zuba a tukunya a buɗe tana ta tafasa gida ya cika da ƙamshi ana jin daɗi, wallahi maganin ne yake bin iska. A inuwa ake shanyawa. Ruwan zafi za a zuba a kan ganyen a rufe, minti 5 zuwa 10 ya isa.

Mai ƙwannafi ya yi hankali, tana sassauta ƙofar ciki ta sama ruwan tsamin ciki ya ƙara hawowa. Man na'a-na'a kuma kar a kuskura a shafa wa jariri a hanci ko fuska wai don mura, yana iya tsayar masa da numfashi.

Masu tsinkowa a daji, akwai 'yar uwarta feniroyal mai ƙananan ganye da ƙamshi mai ƙarfi, wannan tana lalata hanta, mai ciki kam ko kusa. In ba ka tabbatar da wacce ka tsinko ba, kar ka sha kar ka ba kowa.