Darasi na 11: Idan mura ta kama jariri

Da watan Nuwamba ya raba, hazo ya lulluɓe duwatsun da ke kewaye da garin Bauchi, sai ajinmu ya canja kama. Rabin masu goyo ba sa zuwa. Waɗanda suka daure suka zo kuwa, ba abin da ke tashi daga bayansu sai atishawa da tari. Haka za a yi ta fama har wajen Fabrairu.

A hunturun bara wata ɗalibarmu ta shigo aji idanunta jajur. Na ce, "Ke kuwa lafiya?" Ta sunkuyar da kai. Yaron da ke bayanta ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Malama, yaron nan ne. Kwana biyu ba mu runtsa ba. Ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, sai kuka. Inna ta ce ko nonon ne ya lalace."

Na kwance shi daga bayanta. Watansa 4. Hancin a toshe yake kam, majina ta bushe a bakinsa kamar ƙanzo. Nono lafiyarsa ƙalau. Ƙaramin jariri ta hanci ya fi yin numfashi. Idan baki ya cika da nono, hanci kuma ya toshe, ta ina zai sha iska? Dole ya saki. Ga yunwa, ga shaƙewa, sai ya fashe da kuka.

Mece ce mura?

Ba sanyi ne da kansa ke kawo mura ba. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ake kira bairas, kuma ire-irensu sun fi 200. Suna bin atishawa da tari da hannun da aka fyace majina da shi. A hunturu muna cunkushewa a ɗaki, taga a rufe, iska kuma ta busar da cikin hanci, sai ƙwayar ta samu hanya. Yaro ƙarami yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, musamman a gidan da yayyensa ke zuwa firamare da Islamiyya suna kwaso masa tsaraba.

Mura takan yi kwana 7 zuwa 10 ta tafi da kanta. Tarin yakan ɗan jima bayan haka. Majina tana farawa fara kamar ruwa, ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa ko kore. Wannan canjin launi shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Babu allura ko kafso da ke kashe mura. Maganin antibayotik wata irin ƙwayar cuta daban yake kashewa, bairas bai san da zamansa ba. Aikin uwa shi ne ta sauƙaƙa wa yaro har jikinsa ya gama yaƙinsa, ta kuma sa ido kada wani ciwon ya laɓe a bayan murar.

A fara da hanci

Ruwan gishiri ke jiƙa majina. Ana sayar da na ɗigawa a hanci a kemis, kuma shi ya fi, don a aune yake. Idan babu hali, ana haɗawa a gida. A tafasa ruwa rabin lita, wato daidai cikin ledar fiya wata guda. A bar shi ya huce sarai. A zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shafaffe, ba mai tozo ba. Ki ɗanɗana. Idan ya fi hawaye gishiri, ya yi yawa, zai yi wa yaro zafi. Wanda aka haɗa yau ba ya kwana. Na hanci ne kawai, ba na sha ba.

Ki wanke hannu da sabulu. Ki kwantar da shi a cinyarki yana kallon sama. Ki ɗiga ɗigo 1 ko 2 a kowace ƙofar hanci, ki jira kamar minti ɗaya. Zai yi atishawa, zai ɓata fuska, ƙila ya yi kuka. Ba komai. Sai ki murɗa gefen tsumma mai laushi mai tsabta ya zama kamar lagwani, ki goge abin da ya fito bakin hancin. Ban da tsinke, ban da ashana, ban da gashin kaza. Cikin hancin jariri ya fi fatar ido laushi.

Akwai 'yar roba mai kamar balan-balan da ake zuƙe majina da ita. Ana matse ta tukuna, sannan a sa bakinta a ƙofar hanci, a saki a hankali. Mai sakawa kafin ta matse ta tura majinar ciki ke nan. Sau 3 ko 4 a yini ya isa, in an yawaita hancin yakan kumbura. A wanke ta da sabulu duk bayan amfani. Na san da yawanmu da baki iyayenmu suka zuƙe mana majina, kuma wannan ƙauna ce da ba kowa zai iya ba. Amma bakin babba ba ya rasa nasa ƙwayoyin cutar, uwa kuma takan kwashi murar, gobe a kwanta biyu.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne dab da ba da nono, da kuma dab da barci. A gaban 'yan aji muka yi wa yaron nan haka. Da aka mayar da shi ƙirjin uwarsa, ya kama bai saki ba har barci ya sace shi. Ajin ya yi tsit, sai ƙarar haɗiyarsa.

Idan ƙasan hanci ya yi ja saboda guga, a shafa ɗan man kaɗanya ko Vaseline a kan fatar, ba a cikin hancin ba.

Nono

Ki ba shi kaɗan-kaɗan, a kai a kai, dare da rana, ki ɗan ɗaga kansa sama yayin shan. Nono ne ruwansa, shi ne abincinsa, kuma a cikinsa akwai garkuwar da jikinki ya haɗa. Ko ke ma kina murar, kada ki janye. Ki wanke hannu, ki kau da kai idan tari ya zo. Wanda bai kai wata 6 ba ba a ba shi ruwa, ko jiƙo, ko shayi. Wanda ya wuce wata 6 a ci gaba da kununsa, a ƙara masa da tafasasshen ruwa.

Ɗakin da yake kwana

Nan ne muke yawan samun saɓani da kakanni, kuma ba don ba su sani ba. Sanyin Toro da na Dass da asuba ba wasa ba ne. Amma kaskon garwashi a rufaffen ɗaki hatsari ne. Gawayi yana fitar da wata iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ni kaina na taɓa kwana da kasko a ɗaki ina jego. Na farka kaina kamar zai tsage, na tashi jiri ya kwashe ni, da rarrafe na kai ƙofa. Allah ne ya tsare. In za a ɗumama ɗaki, a yi da wuri taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, taba, duk suna ƙara tari. Turaren wuta dai na san da wuya a raba mu da shi, to a yi haƙuri na sati guda. Kada ki goya shi a gindin murhu. Kafin shara a yayyafa ruwa, a fitar da yaro. Jiƙaƙƙen zane da aka shanya a ɗaki yana rage bushewar iska.

Hula da safa da riga mai kauri sun isa. Ki taɓa ƙeyarsa, idan akwai gumi an jibga masa da yawa. Ya kwanta a rigingine cikin gidan sauro, ba filo, ba a rufe masa fuska.

Garin neman gira

Mai kemis zai nuna miki kwalabe kala-kala. Maganin tari da mura na sirof ba ya warkar da murar jariri, kuma yana iya sa shi barci mai nauyi ko bugun zuciya. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga, ya kashe yara 84 a Nijeriya. A 2022 yara fiye da 60 sun rasu a Gambiya bayan shan wasu gurɓatattun magungunan tari. Maganin da yaro ba ya buƙata, me ya kai mu ɗura masa?

Kowa ya san darajar zuma. Amma hanjin yaron da bai cika shekara ɗaya ba bai yi ƙwarin da zai kare kansa daga wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ba, wadda ke sa gaɓoɓi su saki, har numfashi ya gagara. Bayan shekara, rabin ƙaramin cokali da dare yana lafar da tari. Robb da Mentholatum da kafur ba na ɗan ƙasa da shekara 2 ba ne, kuma ba a cusa su a hanci. Sirace da tafasasshen ruwa ƙuna yake jawowa. Asfirin ba na yara ba ne. Farasitamol sai da awon ma'aikacin lafiya, da ma'aunin da ke cikin kwalin, ba cokalin kicin ba. Beli kuma ba shi ke sa tari ba, kada a kira wanzami.

Ƙidayar numfashi

Wannan ne ya sa na saka darasin nan a littafin karatu, domin aikin lamba ne. Nimoniya, wadda muke ce wa ciwon haƙarƙari, da kamannin mura take fara zuwa, kuma tana kisa cikin 'yan kwanaki. Babbar alamarta saurin numfashi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan dai ƙima ba ta isa ba, don numfashin jariri dama ya fi na babba sauri. Sai an ƙirga.

Ki jira ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono. In yana barci ma ya fi. Ki ɗaga rigarsa ki kalli cikinsa. Ya tashi ya sauka, ɗaya ke nan. Wani ya riƙe agogon waya, ya ce "fara", bayan minti ɗaya cif ya ce "tsaya". Kada a ƙirga rabin minti a ninka, don jariri yakan yi sauri ya ɗan dakata. Idan ya motsa lissafi ya ɓace, a sake daga farko.

Numfashi ya yi sauri idan ya kai:

60 a minti, ga wanda bai kai wata 2 ba
50 a minti, daga wata 2 zuwa wata 11
40 a minti, daga shekara 1 zuwa 5

Ranar nan mun ƙirga wa yaron ɗalibarmu 44. Watansa 4, iyakarsa 50. Mura ce. Da ya kai 50, da ba gida za ta koma ba.

Tunda rigar a ɗage take, ki duba ƙasan ƙirji. Idan yana lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne. Haka nan idan ya ƙi nono sam, ko yana aman duk abin da ya sha, ko jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya tasuwa daga barci, ko yana gurnani da numfashi, ko leɓensa da harshensa sun canja launi, ko maɗigarsa ta faɗa fitsari ya ragu. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, da jikinsa ya yi zafi ba a jira, ba a ba shi magani a gida. Ko babba ne, zazzaɓi yana buƙatar gwajin maleriya. Mura da jan ido da ƙuraje na iya zama baƙon dauro. Tarin da ya wuce kwana 14 a kai a duba.

A fara da ƙaramin asibitin unguwa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura gaba, kamar Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin Bauchi, ko asibitin tarayya da ke Azare. Abin da ya fi cin lokaci ba nisa ba ne, jiran maigida ne. Ku yi maganar tun yaro yana lafiya: "Malam, in na ga alamar nan ba ka gida, ka yarje min in fita?" A ƙulle kuɗin Keke Napep a gefe, katin asibiti a inda hannu zai kai.

'Yar mura ba ta hana rigakafi. Na sati 6, da 10, da 14 suna kare yaro daga tarin shiƙa da wasu ire-iren nimoniya, na wata 9 kuma na baƙon dauro ne. Idan ranar ta zo, a je.

Aikin aji

Ku karanta da ƙarfi, sannan ku kwafa a littafinku: mura, majina, hanci, gishiri, numfashi, haƙarƙari, ƙirji. Ku ja layi a ƙarƙashin kowane harafin ƙ.

Ku cike gurbi: Ba a ba yaro zuma sai ya cika ______. Ruwan gishirin hanci kada ya fi ______ gishiri.

Yarinya 'yar wata 7 ta yi numfashi 53 a minti. Yaro ɗan sati 5 ya yi 52. Wane ne za a kai asibiti saboda saurin numfashi? Ku rubuta dalili a jimla ɗaya.

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ta zama surukar da ta kawo zuma da kasko, ɗaya ta zama uwar jariri, ta ba ta amsa cikin ladabi yadda Inna ba za ta ji an raina ta ba.

Aikin gida

Yau da dare, idan ƙaramin yaron gidanku ya yi barci, ki ba maigida ko babban ɗanki waya ya riƙe lokaci, ki ƙirga. Ki rubuta watanninsa a hagu, lambar da kika samu a dama, ki zo da ita aji.