Idan Maɓallin Sauti Ya Ƙi Aiki Bayan An Canza SSD

Makon jiya na cire tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai) na laftof ɗina na sa SSD, sabuwar ma'ajiya mai sauri, na ɗora Windows 10 sabo fil. Gudu kam sai hamdala, amma sauti ya maƙale a 40. In na danna maɓallin ƙarawa, shiru, na ragewa ma haka.

Kafin ka ɗauko sukundireba, ja ma'aunin sautin da linzami daga hoton lasifika a ƙasan allo. In ya ƙi motsi, rubuta services.msc a akwatin bincike na Windows, ka nemo Windows Audio ka sake tayar da shi. In har yanzu ya ƙi, shiga Device Manager ka cire direbar sauti ta Realtek, ka kashe ka kunna, Windows zai mayar da ita da kansa.

In kuwa ya motsa, laifin maɓallan ne. Danna Fn da Esc tare, domin a yawancin Lenovo da Dell su ne ke kulle layin sama na kibod (F1 zuwa F12). Sannan ka sauke manhajar maɓallan Fn daga shafin kamfanin, sabon Windows ba kasafai yake zuwa da ita ba.

Tawa matsalar duk ba nan take ba. Sai da na lura harafi biyu ma ba sa bugawa na sake buɗe laftof ɗin. Ashe garin sa SSD na taɓa siririyar wayar kibod, ta ɗan zame daga mazauninta. Na cire batir tukuna, na ɗaga ɗan makullin da farce, na tura ta daidai, na rufe. A hankali fa, robar nan ba ta da wuyar karyewa.