Yadda ƙaramin otal a Legas zai riƙe baƙinsa ta hanyar sarrafa bayanai a cikin gida

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin otal a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ya san irin baƙon da yake ciyar da gidan. Ɗan kasuwa ne da ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ya kwana a hanya ko ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, yana da kayan da zai duba a kasuwar Mile 12 ko kwantenar da yake jira a Apapa, kuma zai sake dawowa bayan wata ɗaya ko biyu. Idan ya ji daɗin masauki ba ya neman wani, har ma yakan jawo abokan cinikinsa. Idan kuwa ya iso ƙarfe sha ɗaya na dare, ya ajiye jaka a gaban kanta, mai karɓar baƙi ta ce masa, “Alhaji, ka yi haƙuri, netwok ne babu, ban ga ɗakin da aka ajiye maka ba,” ya tsaya minti ashirin da gajiyar hanya a jikinsa, to ba zai yi faɗa ba. Zai ce babu komai, amma zuwa na gaba wani gidan zai nufa.

Tushen wannan matsala shi ne manhajojin otal da yawa suna ajiye komai a rumbunan bayanai masu nisa, wasu ma a Turai ko Amurka, ta yadda duk lokacin da aka danna sunan baƙo sai tambayar ta fita daga ginin, ta je can ta dawo. Idan intanet ta yanke, littafin otal ɗin gaba ɗaya ya kulle. An ga girman wannan a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, har bankunan Najeriya suka shiga wahala, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Maganin da masana ke bayarwa shi ne a sarrafa bayanai a wurin da aka samar da su. Ma'ana, a ajiye wata ƙaramar kwamfuta a cikin otal ɗin, ita ce za ta riƙe rajistar baƙi da ɗakuna da kuɗi, ta yi aikin nan take, sannan idan intanet ta samu ta aika kwafi zuwa rumbun nesa.

Kafin a sayi komai, mai otal ya zauna da manajansa da masu karɓar baƙi, su rubuta a takarda ayyukan da bai kamata su tsaya ba ko da babu intanet kwana uku. A yawancin gidaje ba su wuce biyar ba: rajistar baƙo, ba shi katin buɗe ɗaki, rubuta abin da ya ci ko ya sha a kan lissafinsa, buga masa rasit, da ɗaukar hoton kyamarorin tsaro. Waɗannan su ne za a dawo da su cikin gida. Sauran, kamar tallan ɗakuna a shafukan ajiye masauki da rahoton wata da mai gida ke dubawa a wayarsa, za su iya ci gaba da zama a nesa, domin jinkirin awa biyu ba ya cutar da su.

Na'urar da ake bukata ba ta da girma. Ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu biyu, irin wadda ake samu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta isa gidan da ke da ɗakuna ashirin zuwa talatin, muddin ma'ajiyarta ta SSD ce, wadda ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri da jure girgiza. Inda ya kamata a kashe kuɗi da tunani shi ne wutar da za ta ci. Ɗauke wuta kwatsam, da 'yan daƙiƙun da ake yi kafin janareta ya tashi, su ne suke lalata rajista, don haka a ware wa kwamfutar da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, da na'urorin Wi-Fi ƙaramar inbata da batirinsu daban, kada a haɗa su da firji ko dutsen guga. Lissafin mai sauƙi ne: kayan nan gaba ɗaya suna iya cin wat 60, batir mai bolt 12 da amfiya 100 kuma yana riƙe kusan wat 1,200 na awa ɗaya, saboda haka ko rabinsa kawai aka yi amfani da shi don ya daɗe, zai ɗauke su awa goma. A sa su a ɗaki mai iska da makulli, a kan kanta mai tsayi, domin duk wanda ya ga damina a Legas ya san ruwa yana shiga bene na ƙasa ba tare da sallama ba, kuma laima da iskar teku suna cin ƙarfe.

Wajen zaɓen manhaja, tambaya ɗaya ce take raba gaskiya da talla, kuma ina ba da shawarar a yi ta a aikace. A ce wa mai sayarwa ya girka manhajar, sannan a zare wayar intanet a gabansa, a yi rajistar baƙo, a ba shi ɗaki, a buga rasit, a mayar da wayar, a ga ko bayanan sun haura da kansu ba tare da sun ninku ba. A kuma tambaye shi abin da zai faru idan wani ya kama ɗaki ta intanet a lokacin da gidan yake yanke, alhali an riga an ba wani baƙo wannan ɗakin a kanta. Manhaja mai kyau tana nuna wannan cin karon da zarar layi ya dawo. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a cire ɗakuna biyu ko uku daga tallan intanet, a bar su ga masu zuwa da ƙafarsu da tsofaffin baƙi masu kiran waya.

Layin intanet kuma a yi shi biyu daga kamfanoni daban, misali waya mai zaren gilashi da layin 4G ko 5G, ko Starlink da ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, a haɗa su a rauta mai sauya layi da kanta, irin su MikroTik ko TP-Link Omada. A raba hanyar baƙi da hanyar ofis, don kada wayar baƙo ta iya ganin kwamfutar rajista, a kuma yi wa kowane ɗaki iyakar gudu, domin mutum ɗaya mai sauke bidiyo kada ya hana ɗan kasuwa kiran iyalinsa a WhatsApp. A nan dole a faɗi iyakar wannan tsari. Na'urar POS da transfa suna bukatar banki ya amsa, kuma babu kwamfutar gida da za ta maye gurbin banki. Abin da za ta iya shi ne ta rubuta bashin a kan sunan baƙon, a ba shi makulli ya je ya kwanta, a karɓi kuɗin da safe.

Kyamarori su ne suke nuna amfanin sarrafa bayanai a gida ƙarara. Kyamara ɗaya mai hoto tangaran tana fitar da kusan gigabayit 20 a yini, takwas kuma kusan 160, wanda babu ƙaramin otal da zai iya turawa waje kullum. A ajiye hoton a na'urar naɗi ta cikin gida, a saita ta ta gane motsin mutum a bakin get ko wurin ajiye motoci, ta aika wa mai gadi da manaja ɗan gajeren hoto kawai. Haka ma na'urar sanyaya ɗaki: a Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, saboda haka esi ɗaya da aka bari a kunne a ɗakin da babu kowa, wanda zai iya cin kusan yunit guda a awa, asara ce da ake gani a ƙarshen wata. Makunnin da ke aiki da katin ɗaki yana rage wannan, idan kuma an haɗa shi da kwamfutar gida, za a iya kunna esin minti goma kafin baƙo ya hau, ya tarar da ɗakin da sanyi.

Duk wannan shimfiɗa ce kawai, abin da yake dawo da baƙo shi ne a tuna da shi. A da, tsohon ma'aikaci ne yake riƙe wannan a ka, ranar da ya bar aiki kuma ilimin ya tafi da shi. Yanzu a buɗe wa kowane baƙo gurbi a rajista, a horar da ma'aikata su rubuta ƙananan abubuwa: wannan ba ya son ɗakin da ke kusa da janareta, wannan gwiwarsa ba ta son hawa bene, wannan yana shan shayi ba sukari bayan sallar asuba, wannan yakan zo da Hajiya don haka yana son ɓangaren da babu hayaniya, wancan kuma a watan azumi a buga masa ƙofa lokacin sahur. Da zarar an rubuta lambar wayarsa, bayanin ya fito nan take, ko da intanet ko babu, sai sabon yaron da bai taɓa ganinsa ba ya ce, “Barka da zuwa Alhaji, ɗakinka na ƙasa yana nan, an shimfiɗa darduma, ga alamar alƙibla a bango.” Ni a ganina wannan jimla ɗaya ta fi rangwamen kuɗin ɗaki tasiri, domin mutumin da ya yi nisa da gida yana neman inda aka san shi. Ita dai rajistar za ta nuna wanda ya saba zuwa kowane wata amma ya yi wata uku bai leƙo ba, kuma irin wannan manaja ne da kansa ya kamata ya kira shi ya gaishe shi.

Sai dai waɗannan bayanai amana ce, kuma doka tana bayansu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ke kula da ita, ta wajabta a sanar da mutum abin da ake tarawa a kansa da dalilin tarawar, a kuma tsare shi. Saboda haka a gaya wa baƙo, a nemi yardarsa kafin a riƙa tura masa saƙon talla, kada a rubuta wanda ya ziyarce shi ko abin da bai shafi hidimarsa ba, kada kuma kyamara ta kalli cikin ɗaki ko makewayi. Kowane ma'aikaci ya sami kalmar sirrinsa, a rufe ta ranar da ya bar aiki. A kulle ma'ajiyar kwamfutar da lambar sirri, domin na'urar da ta shiga jaka ɓarawo ma zai iya sa ta a jaka.

Wannan haɗarin ne ya sa kwafi ya zama dole: ɗaya a kwamfutar, ɗaya a faifan da ake ajiyewa a ofishin mai gida, ɗaya kuma a rumbun nesa da ake turawa da tsakar dare lokacin da layi ya yi sauƙi. A yi yarjejeniya a rubuce da injiniya ɗaya da zai riƙa zuwa kowane wata ya sabunta manhaja, ya share ƙura, ya auna batir, kuma kalmomin sirri na asali su zauna a hannun mai otal. Sau ɗaya a wata, a ranar da baƙi suka yi ƙaranci, a zare intanet da gangan na awa ɗaya, a kashe wutar gidan na minti biyar, a sa ma'aikacin dare ya yi rajista daga farko har rasit, sannan a ɗauko kwafin jiya a buɗe shi a wata kwamfutar a tabbatar sunayen baƙin jiya suna ciki.