Yadda za ka koya wa reziden kula da yaron da ciwonsa ba ya warkewa

Wannan na kwansultan ne da manyan rejistara a sashen yara, wato manyan likitocin da ke koyar da na ƙasa da su. Reziden ɗinmu, wato likitocin da ke samun horon ƙwarewa a asibiti, sun iya samo jijiyar jariri ko da fitilar waya, amma ka ce su zauna da uban yaron da ciwon daji ya bazu a jikinsa, nan take kowa zai tuna ana nemansa a emajansi. Lakca ba ta gyara wannan, a bakin gado ake koyonsa.

Fara da raɗaɗi, don shi uwa take gani. Duk zagayen safe ka tambayi reziden makin ciwon yaron kamar yadda kake tambayar zafin jiki. Wanda bai fara magana ba a auna shi da FLACC, wato fuska, ƙafafu, motsi, kuka da ko yana rarrasuwa, maki 0 zuwa 10. Mai wayo a nuna masa hotunan fuskoki ya zaɓa.

Sai mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, nan tsoron yake. Ƙaramin ciwo farasitamol ko ibuprofen, in ya tsananta mofin na sha, a lissafa da kilon yaro, duk awa 4 bisa agogo ba wai sai ya yi ihu ba, kuma da maganin sakin ciki tun ranar farko don mofin yana ɗaure bayan gida. Kodin kam ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12. Sa reziden ya rubuta mofin ɗin da hannunsa kai ka duba. A Yuganda tun 2004 nas ɗin da ta samu horo na musamman tana rubuta mofin, to ina dalilin likita ya riƙa noƙewa?

Na uku faɗa wa iyaye. Koya masa matakan SPIKES guda 6, wato tsarin isar da labari marar daɗi, amma ku gwada a ofis tukuna, kai ne uba shi ne likita. Ya fara gano wa ke yanke hukunci a gidan, wani lokacin kaka ce ko kawu, ya samu ɗaki ba baranda ba, ya zauna, ya ce "Baba, me aka gaya muku game da ciwon nan?" sannan ya yi shiru ya saurara. Shirun nan shi ne ya fi ba su wuya wallahi. Ka hana shi cewa "babu abin da za mu iya yi", ai akwai: ciwo, amai, numfashi, barci. Ya kalle ka kana yi, gaba shi zai yi kana gefe.

In iyaye sun ce gida za su, kar ya ɗauka faɗa ne, ya haɗa musu magani, ya nuna wa mama awo da sirinji, ya ba su lambar da za su kira.

Ranar da yaro ya rasu, bayan an yi wa iyaye gaisuwa, ja reziden gefe ko minti 10 ne ka tambaye shi ya yake ji, kafin ya koma wod.