Yadda Ake Bambance Ciyawar Coix ta Daji da Hatsinta na Noma

A ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya akwai wata doguwar ciyawa, dangin masara da dawa, wadda masana ke kira Coix lacryma-jobi. Ta daji tana fitowa a bakin rafuka da wurare masu damshi, kuma a yankunan zafi saiwarta kan rayu shekara da shekaru tana sake tofowa. Daga gare ta manoma suka zaɓo nau'in da ake ci, wato ma-yuen, wanda Japanawa ke kira hatomugi, mutanen Koriya kuma yulmu. Sunan ma-yuen ya samo asali daga Janar Ma Yuan na daular Han ta ƙasar Sin, wanda tarihin Sin ya nuna ya kwaso irin daga arewacin Biyetnam bayan yaƙin shekara ta 43 Miladiyya.

Mai son adana iri ya fara duba ɓawon. Na daji santsi gare shi da ƙyalli, ga tauri kamar dutse, kuma yana da rami daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa ake zura masa zare a yi carbi da sarƙar wuya. Ɓawon na noma kuwa ba shi da kauri, yana da zane-zane a tsaye, kuma idan aka danna busasshensa tsakanin babban yatsa da manuni sai ya fashe, ƙwayar ta fito. Wannan gwajin na yatsa, a ganina, ya fi kowane amfani, domin launi kan yaudari mutum.

Idan ana neman ƙarin tabbaci, a raba ƙwayar biyu a ɗiga mata ruwan aidin. Yawancin irin noma mai danƙo ne, don haka yakan koma ja-ja mai duhu, na daji kuwa ya yi shuɗi har ya kusa baƙi.

Abin da ya fi buƙatar kulawa shi ne barbara. Iska ce ke ɗaukar ƙurar furen, kuma nau'o'in biyu suna haɗuwa cikin sauƙi, saboda haka a tumɓuke na dajin da ke gefen gona da magudanan ruwa, har da saiwarsu, tun kafin su yi fure. Idan aka yi sakaci, irin da za a shuka baɗi zai fara fitar da ƙwayoyi masu taurin ɓawo waɗanda sussukarsu ke da wahala, don haka a sake gwada kowane ɗaurin iri da yatsa kafin a kai shi rumbu.