Fara da bayan kwandalar, ba fuskar sarki ba

In tsohuwar kwandalar tagulla ta Rumawa ta shigo hannunka, juya bayanta ka duba haruffan da ke can ƙasa.
Su ke nuna garin da aka buga ta.
ALE Iskandariya ce, ANT Antakiya, SIS Sisiya (Sisak a ƙasar Croatia ta yau), TR Tiriya (Trier a Jamus).
Da ka gane garin, sarakunan da za ka bincika sun ragu sosai. Fuska kuwa ruɗi gare ta, don 'ya'yan Sarki Kustantin, alal misali, kamarsu ɗaya a kan kwandala.

Haska tocilar waya daga gefe, inuwa za ta fito da haruffan. Kada ka kankare!

Dabarar duba haruffan ta fi aiki ga kwandalolin da aka buga daga gyaran kuɗi da Sarki Diyokletiyan ya yi a shekara ta 294.
Kafin nan galibi babu alamar.
Kuma a kula: CONS Kustantiniya ce (Istanbul ta yau), amma CONST garin Arles ne na Faransa.